Cin abinci a otal ɗin spa: yunwa za mu sha, ko me ya kamata mu sani kafin mu tafi?

Tambaya: Ni da maigidana mun kama ɗaki na kwana huɗu a wani otal na hutu mai spa, irin wanda ake tausa da wankan tururi da shiga ruwan ɗumi. An rubuto mana cewa kuɗin ya haɗa da karin kumallo da abincin dare. Wata ƙawata ta ce mu tafi da guzurinmu, wai abincin irin wuraren nan ɗan mitsitsi ne, ba gishiri ba mai, sai ganye. Maigidan yana da hawan jini da ciwon sukari, kuma ba ma cin naman alade ko abin da aka sa wa giya. Da gaske yunwa za mu sha? Wane kaya ake sawa a shiga ɗakin cin abincin? Me ya kamata mu kiyaye?

Amsa: Hajiya, ƙawarki ba ƙarya ta yi miki ba, sai dai ina zaton gidan da ta je daban ne da wanda za ku. Na yi shekaru ina aiki a ɗakin cin abinci na irin waɗannan otal-otal, tun ina ɗaukar faranti har aka damƙa mini ɗakin gaba ɗaya. Na ga baƙin da suka iso da jaka cike da biskit saboda irin wannan labari, suka koma da shi gida ko ɓarewa ba su yi ba. Na kuma ga waɗanda suka zo hannu rabbana, dare na biyu suna lallaɓa mai gadi ya nuna musu inda za su samu abin taɓawa a waje. Duk ya danganta da gidan da mutum ya kama, domin sunan spa ɗaya ne, amma gidaje iri uku ne suke amsa shi.

Na farko otal ne kamar kowane babban otal, an dai ƙara masa ɓangaren tausa da sauna, wato ɗakin zafi da ake shiga don a yi zufa, da tafkin ruwan ɗumi. Kicin ɗinsa yana suya, yana gashi, yana zuba man shanu yadda ya ga dama. Abin da kawai za ki lura da shi, wasu abinci a takardar zaɓi an yi musu alamar ɗan ganye a gefe, wai su ne marasa nauyi. Tun da kin ce kwana huɗu ne da ci biyu a rana, na fi kyautata zaton nan za ku, kuma a nan cika ciki ne abin tsoro. Na biyu gidan da aka gina don gyaran jiki ne tun asali. Ana ƙirga kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki, na kowane faranti a rubuta a gefensa, sukari kaɗan, gishiri kaɗan, wasu ba sa sayar da giya sam, kofi ma sai da safe. Ana ƙoshi, amma ƙoshi na awo. Na uku kuwa asibiti ne ya sa rigar otal. A asibitin Buchinger da ke Überlingen, a bakin tafkin Constance a Jamus, wanda aka buɗe a 1953, mai azumin magani yana wuni a kan romon kayan lambu da ruwan 'ya'yan itace da shayi, abin da bai wuce kalori 250 ba a rana. A gidajen da ke bin tsarin likitan nan ɗan Ostiriya, Franz Xaver Mayr, wanda ya rasu a 1965, asalin abincin busasshen burodi ne da madara a ɗan cokali, a tauna kowace loma har ta zama ruwa kafin a haɗiye, ba hira ba waya. In a irin wannan ƙawarki ta sauka, to da gaskiyarta.

Gane wanda kuka kama ba wuya. An aiko muku da takardar tambayoyi kan lafiyarku? An ce likita zai duba ku ranar isowa? An ƙayyade muku cewa ba a kwana ƙasa da mako guda? In duk babu, ba gida na uku ba ne. Sauran kuma takardar abincinsu za ta faɗa miki, yawancinsu sun sa ta a shafinsu na intanet. Da zarar kin ga soyayyen dankali da kek ɗin cakulan a ciki, ki bar jakar biskit a gida.

Haɗa ci da wanka ba jiya aka fara ba. Kalmar spa kanta sunan gari ne, Spa, a gabashin Beljiyam, inda mutane suka ɗauki ɗaruruwan shekaru suna zuwa shan ruwan maɓuɓɓugarsa don neman lafiya. Shi da Bath na Ingila da Vichy na Faransa da Baden-Baden na Jamus da Karlovy Vary na ƙasar Cek suna cikin garuruwa 11 na ƙasashe 7 da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2021. A irin waɗannan garuruwa likita ne yake tsara wa baƙo yininsa cur: kofi nawa na ruwa zai sha da sassafe, tafiyar minti nawa zai yi bayan haka, yaushe zai shiga wanka, me zai ci kuma ƙarfe nawa. Wato tun asali kuku yaron likita ne, kuma agogo yake bi. Har abubuwa biyu da za ki tarar a teburin karin kumallo daga gidajen jinya suka fito. Muesli likita Maximilian Bircher-Benner ne ya haɗa wa majinyatansa a Zurich wajen 1900, kuma nasa gogaggen tuffa ne ya fi yawa, hatsin cokali guda ne aka jiƙa, ba irin na kwali da ake sayarwa yanzu mai cike da sukari ba. Konfileks kuwa daga gidan jinyar John Harvey Kellogg ya fito, a Battle Creek da ke jihar Michigan ta Amurka, a shekarun 1890.

Zancen cewa abinci mara nauyi dole ya zama lami, an daɗe da kashe bakinsa. A 1974 wani kuku Bafaranshe, Michel Guérard, ya koma wani ɗan ƙauyen ruwan zafi a kudu maso yammacin Faransa mai suna Eugénie-les-Bains, inda dangin matarsa suke da gidan wanka. Ya ga irin abincin baƙin ciki da ake ajiye wa masu neman rage ƙiba, sai ya zauna ya sake ginin girkin Faransa daga tushe. Inda ake zuba kirim da man shanu don miya ta yi kauri, sai ya niƙa dafaffen karas da albasa da naman kaza irin mai tsirowa a ƙasa ya ɗaure ta da su. Inda ake buƙatar laushin kirim, ya sa farin cuku mara kitse. Kifi ya turara shi, ko ya naɗe shi a takarda ya dahu cikin ruwan jikinsa. Ya kira salon cuisine minceur, wato girkin rage ƙiba, ya fitar da littafi a kai a 1976. Gidan abincinsa ya samu tauraro uku na Michelin, wato matakin ƙoli a littafin nan mai auna gidajen abinci, a 1977, ya kuma riƙe su har ya rasu a 2024. Duk kicin ɗin spa mai kyau da na taɓa shiga, da dabarunsa yake aiki, ko kukun ya sani ko bai sani ba. Lissafin mai sauƙi ne: giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci ko na furotin 4 ne, cokalin cin abinci ɗaya na mai kuma wajen kalori 120. Cire cokali biyu daga miya ya fi rage rabin kifin tasiri, kuma idon mai ci ba zai ga an taɓa farantin ba. Gurbin gishiri kuwa ana cike shi da tsamin lemo, da ganyen ƙamshi, da gasa abu har ya yi ja, da tumatir da aka bari ya tsotse a kan wuta. Ki ɗanɗana romon da za a fara kawo muku daren farko. In ya yi armashi ba tare da kin nemi gishiri ba, kicin ɗin ya san aikinsa. In ruwan zafi ne mai launi, to rage kuɗin cefane suke yi da sunan lafiya, sai ki riƙa zaɓen gasasshen abu.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe, ya fi duk zancen girman faranti muhimmanci, musamman saboda maigidan. A otal ɗin spa, ƙarfe nawa aka ci ya fi me aka ci kawo matsala.

Idan mutum ya ci ya ƙoshi, jini mai yawa yakan karkata zuwa ciki da hanji don aikin narkarwa, kuma abinci mai nauyi yakan ɗauki awa biyu zuwa huɗu kafin ya bar tumbi, mai maiƙo ya fi daɗewa. Idan kuma mutum ya shiga zafi, jijiyoyin fata sukan buɗe, jini ya yo waje don a sanyaya jiki, zuciya ta ƙara gudu. Sauna tana tsakanin digiri 80 da 100 a ma'aunin Salshiyas, tafkin ruwan ɗumi yana kaiwa 40, kuma a zama ɗaya mutum yana iya zubar da zufa wajen rabin lita. To ciki yana neman jini, fata tana nema, tulun kuma ɗaya ne. Wadda ake tauye wa rabo ita ce ƙwaƙwalwa, kuma a daidai lokacin da mutum ya miƙe tsaye ake ganin haka: ido ya yi duhu, ƙafa ta saki. Wanda yake shan maganin hawan jini, balle irin mai sa fitsari, ya riga ya tsaya a bakin ramin tun kafin ya shiga.

Akwai ranar da ba na mantawa. Wani baƙo ya zauna a teburin da ke kusa da taga, ya ci kifi, ya bi da naman rago da dankali, ya rufe da kek, ya duba agogo ya ce yana da tausa ƙarfe uku, bari ya ɗan shiga sauna tukuna. Ko minti arba'in ba a yi ba aka kira ni a guje, wai abincinmu ya ba wani guba. Na iske shi kwance a kan tayil a ƙofar sauna, an ɗora ƙafafunsa a kan benci, fuska ta yi fari fat, ƙulu ya taso a goshi inda ya bugi ƙofa, matarsa tana ta faɗa tana cewa kifin nan ne, tun da aka kawo ta ji ba ta yarda da shi ba. Ma'aikaciyar jinya ta auna shi, jininsa ya yi ƙasa sosai. Da ya ɗan huta ya sha ruwa, ya dawo garau, sai kunya. Kifi bai yi laifin komai ba, mutum ashirin suka ci shi ran nan. Tun daga lokacin na sa a riƙa rubuta mana lokacin tausa da wankan kowane ɗaki a takardar teburi, don in mai kawo abinci ya ga mutum yana da wanka nan da awa ɗaya, ya ce masa cikin ladabi, ranka ya daɗe, ko a ajiye maka naman sai dare?

Ba kowane otal ne yake yin haka ba. A yawancinsu teburin ajiye lokacin tausa daban, na ɗakin abinci daban, kuma ba sa magana da juna. Ke za ki haɗa su. Ki fara kama lokutan tausa da wanka, domin su ne suke cikewa da wuri, sannan ki jera cin abinci a kewayensu. Bayan abu mara nauyi, kamar yogot da 'ya'yan itace ko ƙaramin romo, a bar awa ɗaya. Bayan cikakken abinci, aƙalla awa biyu kafin sauna ko tururi ko ruwan ɗumi. Tausa ma haka, tun da rub-da-ciki ake kwanciya wani yana danna baya, kuma wanda ya gwada haka da cikakken tumbi ya san ƙwannafin da ke biyo baya. Ba kuma a shiga zafi da ciki fayau. Yinin da ya fi tafiya daidai a wurin yawancin baƙina shi ne: karin kumallo matsakaici wajen ƙarfe takwas, tausa ƙarfe goma ko sha ɗaya, abincin rana mara nauyi, barci, sauna da yamma lis, a sha ruwa a huta, sannan a zauna wa abincin dare da hujja, tun da babu abin da ya rage sai kwanciya.

Na ambaci abincin rana da gangan, domin ba ya cikin abin da kuka biya. A takardarku za ki ga haruffan HB, ma'ana ci biyu, safe da dare. FB ci uku ne, AI kuma komai a ciki har da abin sha. Ga mai lafiya tsallake rana ba komai ba ne. Ga maigidan kuwa, daga ƙarfe tara na safe zuwa bakwai na dare awa goma ke nan, ga iyo, ga tafiya, ga zafi. In allurar insulin yake yi, ko yana shan irin ƙwayar da ke iya faɗar da sukari ƙasa kamar glibenclamide, wannan tazara ba ta da kyau. Zafi kuma yana sa insulin ɗin da aka yi a ƙarƙashin fata ya shiga jini da sauri fiye da yadda aka saba. Mugun abin shi ne alamun faɗuwar sukari, zufa da bugun zuciya da jiri da rawar jiki, su ne dai abin da kowa yake ji a sauna, sai mutum ya ɗauka zafi ne kawai. Ƙari a kan haka, in abincin gidan bai kai na kullum yawan sitaci ba, adadin maganin da ya saba zai iya yi masa yawa. Don haka kafin ku tashi ya ga likitansa, ya faɗa masa inda za shi, ya tambaya ko an yarda masa da sauna da ruwan ɗumi ma tukuna, da yadda zai yi da magani in abinci ya canza. A can kuma ya auna sukari kafin ya shiga zafi, ya sa alewa ko ɗan sukari a aljihun rigar wanka, kada ya shiga shi kaɗai, kuma ku sayi abincin rana ko da ƙarami ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya fi ba ni tsoro a kan baƙi masu shan magani ba farantin nama ba ne, teburin abin sha ne, wanda aka jera shi da kyau a bakin tafki kamar duk abin da ke kansa magani ne. Kofi ɗaya na ruwan lemon zaƙi, mililita 250, yana da sukari sama da giram 20, wajen ƙaramin cokali biyar ke nan, ko da ba a ƙara masa komai ba. Koren haɗin nan da ake cewa na ganye ne, in kin leƙa bayan kanta za ki ga tuffa da abarba ne suka fi yawa a ciki. Gara maigidan ya ci ɗan itacen da kansa. Garehul, babban lemon nan mai ɗaci-ɗaci, yana hana jiki sarrafa wasu magunguna yadda ya kamata, sai su taru a jini, kamar simvastatin na rage kitsen jini da felodipine da nifedipine na hawan jini. Shayin likoris, wata saiwa mai zaƙi, yana ɗaga hawan jini in an yawaita. Baƙin abin sha mai garin gawayi yana kama magani a cikin hanji ya hana shi aiki, aikinsa ke nan ma a asibiti. Shayin da aka ce na wanke ciki kuwa sau da yawa filasko ne a ciki, kuma gudawa a kan zufar sauna ba ƙaramin tsotse mutum take yi ba. Ki tambayi abin da ke cikin kowace buta kafin a zuba masa.

Hatta ruwan kwalba a karanta jikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato miligiram 2,000 na sodiyam. Ruwan Vichy Célestins yana da sama da miligiram 1,000 a lita ɗaya, na Evian kuwa bai kai 10 ba. Duka biyun ruwan ma'adinai ake kiransu, duka biyun daga garuruwan wanka na Faransa suke. Mai hawan jinin da ya tsame gishiri daga miya ya kuma wuni yana shan na farkon, tufka da warwara ya yi. In kuma wurin da za ku yana da maɓuɓɓugar da ake sha, kamar Karlovy Vary inda ake yawo da ɗan kofin tangaran mai hanci ana tsotsa, a sani wannan ruwan yana da gishirin da ke sakin ciki. Ɗanɗanawa ta isa, sai in likitan wurin ne ya rubuta.

Batun alade da giya, bari in shigar da ke kicin ki ga yadda abin yake. Romon da ake haɗa miyar nama da shi ba lokacin da kika yi oda ake dafa shi ba. Tun da safe aka ɗora shi a babbar tukunya, wani lokaci tun jiya, kuma a girkin Turai sau da yawa giya ce ake fara zubawa a kankare gindin tukunyar da ita. Da dare in kin ce a cire miki, babu abin cirewa, ta riga ta zama miyar. Mai kawo abinci zai ce miki ai ta ƙone a wuta, kuma da zuciya ɗaya yake faɗa, haka aka koya masa. Amma alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna abin da aka kunna wa wuta ya tashi fuu yana riƙe wajen kashi 75 cikin ɗari na barasarsa, wanda ya yi minti 30 yana tafasa a hankali wajen kashi 35, wanda ya yi awa biyu da rabi ma da sauran wajen kashi 5. Alade kuwa ba kullum yake zuwa a matsayin yanka ba. Yana ɓuya a ƙananan gutsattsarin da ake soyawa a gindin romon wake, da jelatin da ke daskarar da kayan zaƙi masu santsi, da kaskon gashi ɗaya da kowa ya bi ta kansa. A gidajen ruwan zafi na Japan giyoyin shinkafa da ake kira mirin da sake suna cikin miya da yawa. Kombucha, da gidajen spa suke ji da shi, shayi ne da aka bari ya yi tsami, akwai 'yar barasa a cikinsa.

Maganin duk wannan wasiƙa ce. Ki rubuta wa otal ɗin mako guda kafin tafiya, a fili, abu-abu: ba alade da duk abin da ya fito daga gare shi har jelatin, ba giya ko a cikin girki, mutum ɗaya mai ciwon sukari da hawan jini, sannan ki tambaya ko namansu na halal ne. Kowace safiya akwai takardar da ake liƙawa a kicin, a daidai inda ake miƙo faranti, lambar ɗaki da abin da mai ɗakin ba ya ci. Wanda sunansa ya shiga takardar nan, kuku yana ɗibar masa romo a ƙaramar tukunya kafin a zuba giya, yana daskarar masa da abin zaƙi da agar na ciyawar teku, ba ya ko jin nauyin abin. Wanda ya bari sai ƙarfe takwas na dare, ɗaki a cike, oda goma sha biyu a rataye, sannan ya fara bayani, abin da zai samu gasasshen kifi ne da lemon tsami, ba miya. Ba laifi ba ne, ni kaina shi nake ba mutane shawara in ana shakka, amma dare huɗu a jere zai gundure ku. Daren farko ki nemi shugaban ɗakin ki tabbatar wasiƙar ta iso kicin, domin takan maƙale a teburin karɓar baƙi. Kuma in za ki yi tambaya, kada ki ce akwai giya a ciki, za a ce babu. Ki ce da me aka haɗa romon, sai ya koma ya tambayo. Wata 'yar dabara: a ƙasashen Tarayyar Turai, tun Disamban 2014 dole gidan abinci ya bayyana abubuwa 14 da jikin wasu ba ya karɓa. Alade da barasa ba sa cikin jerin, amma sinadarin salfait yana ciki, kuma miyar nama da aka yi wa alamarsa sau da yawa giya ce dalili.

Kalmar ditoks, wai wanke jiki daga dafi, da za ki gani a kan rabin takardar abincin, ni dai ban ɗauke ta komai ba sai ado. Hanta da ƙoda ne suke tace jini, dare da rana, ba sa jiran ruwan seleri. In abincin ya yi miki daɗi ki ci don daɗinsa, amma kada ki ƙara kuɗi saboda sunan. Haka nan in kun hau sikeli ranar dawowa kuka ga kilo biyu ya tafi, yawancinsa ruwa ne: sitacin da jiki yake ajiyewa a hanta da tsoka, kowane giram yana riƙe da wajen giram uku na ruwa, ga ƙarancin gishiri, ga zufa. Kilo ɗaya na kitse wajen kalori 7,700 ne, ba aikin kwana huɗu ba ne.

Kaya kuwa ba abin damuwa ba ne. Yawanci akwai ƙaramin wurin ci a cikin spa ɗin kansa, nan ana zama da rigar wanka da silifas da rana, muddin ba a jiƙe ake ba. Babban ɗakin abincin dare kaya na mutunci ake sawa, irin wanda za ki sa zuwa kowane gidan abinci mai kyau, wasu kuma ba sa karɓar gajeren wando da silifas daga maza. Japan ce ta bambanta, can da yukata, wato rigar yadi mara nauyi da aka ajiye miki a ɗaki, ake zuwa cin abincin dare. In an yi miki tausa da mai, ki yi wanka kafin ki sauko, don ƙamshinsa yana danne na abinci har a teburin maƙwabta. Murya ƙasa-ƙasa, waya a kashe mata ƙara.

Wajen lissafi, ci biyun nan galibi bai haɗa da abin sha ba, har ruwan kwalba. Abincin daren da kuka biya yawanci jeri ne na kala uku da aka riga aka tsara, in kin zaɓi wani abu daga babbar takarda za a rubuta ƙari. Daren da ba ku ci ba ba a mayar da kuɗinsa, amma wasu gidajen suna yarda a musanya shi da na rana in an faɗa tun da safe. Duk abin da kuka sa wa hannu yana taruwa ne a kan ɗaki, ki riƙa duba kowace takarda kafin ki sa hannu. Tukuici ya danganta da ƙasa: a Faransa kuɗin hidima yana cikin farashi, a Amurka ana sa ran kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, a Japan ba a bayarwa.

A cikin wasiƙar nan ki ƙara layi ɗaya kan ranar isowa. Kicin ɗin spa da wuri yake rufewa, da yawa ƙarfe tara sun kashe wuta, kuma irin waɗannan otal-otal a bayan gari suke, babu inda za a leƙa. Ki faɗa musu ƙarfe nawa kuke sa ran isa, in kuma hanya ta riƙe ku ki buga waya kafin takwas, a ajiye muku faranti a ɗaki, don kada maigidan ya kwana da magani a ciki ba abinci.